Filin Tambayoyinku: Yaran da ƙaura ta mayar baƙi

Wasiƙu biyu na ɗauko a wannan fitowa, ɗaya daga cikin birnin Katsina, ɗaya daga Daura. Na haɗa su ne domin ciwonsu ɗaya, ko da yake iyalin farko teku suka tsallake, na biyun kuwa tafiyar da ba ta kai ta yini ba suka yi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama, ya ɗawainiya da jama'a? Ni Bakatsiniya ce, a Ƙofar Ƙaura aka haife ni, a nan kuma aka yi mini aure. Shekara biyu da rabi ke nan da maigidana ya samu aikin asibiti a wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, muka tattara muka bi shi da yara biyu. Damuwata ita ce 'yar farina, wadda yanzu take da shekara 10. Da muka isa shiru ta yi, ta kusa wata uku ba ta magana a aji. Da bakinta ya buɗe da Turanci sai ya rufe da Hausa, ina yi mata magana da Hausa tana mayar mini da Turanci. Idan na zuba mata dambu ko ɗanwake ta tafi da shi makaranta, yadda na rufe kwanon haka yake dawowa. Ta roƙe ni in daina yi mata kitso. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da na tsinci katin gayyata a jakarta da wani sunan Turawa a kai, na ce mata ai wannan ba naki ba ne, ta ce nata ne, da shi ƙawayenta suke kiranta.

Mun zo Katsina dogon hutu ina murnar gida zai gyara abin da waje ya ɓata, ashe an gudu ne ba a tsira ba. Da ta buɗe baki sai 'yan'uwanta su kwashe da dariya don ba ta iya fitar da ƙ da ɗ, har sun laƙaba mata Baturiya. Kakarta ta yi fushi domin ta gaishe ta a tsaye tana kallon tsabar idonta. Shekaranjiya da dare ta ce mini can ana ce mata 'yar Afirka, nan ana ce mata Baturiya, to ita 'yar ina ce? Na rasa abin da zan ce mata. Yanzu dangin mahaifinta sun ce in bar ta wurin kakarta a sa ta Islamiyya kafin ta lalace. Malama, in bar ta?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana su. Bari in fara da tambayar da kika rufe wasiƙarki da ita, tunda makarantun Ingila a farkon Satumba suke komawa. A ganina kada ki bar ta. Na san gidajen da suka dawo da 'ya'yansu gida karatu abin ya yi kyau, amma inda duk ya yi kyau za ki tarar an shirya yaron, an ji ta bakinsa, ya kuma san ranar da zai sake ganin iyayensa. Yarinyar da aka tumɓuke tana shekara bakwai, ta sha wuya ta fara kafa saiwa a wata ƙasa, idan aka sake tumɓuke ta daidai lokacin da ake fushi da ita, abin da za ta fahimta shi ne ta yi laifi an yar da ita, Katsina kuma ita ce gidan horon. Daga ranar, Hausa da durƙusawa da Islamiyya duk za su ɗauki ɗanɗanon hukunci a bakinta, alhali su ne kike fatan ta so.

Batun suna shi na fi daɗewa ina juyawa a raina. Na lura har kika gama wasiƙarki ba ki ambaci sunanta ba, kin dai ce 'yar fari ce, na kuma san dalili, domin ni ma uwa ce, a garin nan aka tarbiyyantar da ni: kunya ba ta barin mu kama sunan ɗan fari. To amma ki duba yadda wannan al'ada take aiki a inda aka gina ta. A gida, sunan da uwa ta ƙi kamawa akwai bakuna goma masu kama shi da daɗi. Kaka tana kiransa tana haɗawa da kirari, gwaggo tana yi masa waƙa, kawu yana tsokana da shi, har mai tallan ƙosai ta san shi. Kunyar uwa ba ta rage wa yaro komai, saboda gidan cike yake. Ku kuwa da kuka hau jirgi, kun tafi da kunyar kun baro bakunan. Ki zauna ki lissafa, a shekara biyu da rabin nan wa ya kira yarinyar da sunanta yadda aka raɗa mata shi? A gida "ke" ce, ko "yarinyar nan". A makaranta malama na isowa kansa a rajista sai ta ɗan dakata, ta lauye shi, wani ya ƙyalƙyale da dariya daga bayan aji, kuma kowace safiya haka. Abin da ta guje wa ke nan.

Ban ce ki zubar da kunya ba, amma a ƙasar da babu kaka babu gwaggo dole wani ya ɗauki aikinsu. Idan bakinki ya yi nauyi, mahaifinta ya riƙa kiranta, kakanninta su riƙa aiko mata da saƙon murya ta WhatsApp suna kama sunan. Kafin ku tashi daga Katsina a ba ta labarinsa: sunan wa ta ci, wace irin mace ce mai sunan, wa ya yanka ragon, su wa suka zo. Idan kuma ta ce tana son gajeren suna mai sauƙi a bakin ƙawayenta, kada ki ɗauke shi ridda. Mu da muka mayar da Khadija Dije, Hauwa'u Kulu, A'isha Indo, Muhammadu Mamman, Abubakar Garba, ba mu da bakin hana yaro tanƙwasa sunansa. Ku zauna tare ku ciro mata gajeren daga cikin nata, sannan ki je ki koya wa malamar ajinsu yadda ake faɗin cikakken.

Shirun wata ukun da ta yi abu ne sananne wurin masu koyar da yaran baƙi, yaro yakan yi ta saurare yana tarawa kafin ya furta. Wani masanin ilimi na Jami'ar Toronto a Kanada, Jim Cummins, ya nuna tun wajen 1980 cewa yaro baƙo yakan kama harshen hira cikin kamar shekara biyu, amma harshen littafi da jarrabawa yakan ci masa shekara biyar zuwa bakwai kafin ya kamo 'yan gari. Ke nan Turancin da kike jin yana zuba daga bakinta har yanzu dako take yi da shi, ta dawo gida a gajiye, sai ta amsa miki da wanda ya fi kusa da harshenta. Shi wannan masani ya kuma nuna cewa ƙarfin harshen gida taimakon harshen makaranta yake yi, saboda haka ko wani ya ce ki koma yi mata Turanci don karatunta ya gyaru, kada ki yarda. Ki ci gaba da Hausarki, ta amsa da abin da ta ga dama. Sai dai ki saurari kanki na yini guda ki ji me kike faɗa mata da Hausar. A gidaje da yawa na 'yan'uwanmu mazauna waje, abin da ya rage na Hausa shi ne "tashi", "ɗauko", "bari" da "zan ci ƙaniyarki", wasa da yabo da hira kuwa duk sun koma Turanci. Yaro ba ya ƙaunar harshen da ba a yi masa komai da shi sai aike da faɗa. Ki dawo da Gizo da Ƙoƙi, da kacici-kacici, da hirar ƙuruciyarki, ko don ƙaninta, wanda tasa Hausar za ta fi saurin zubewa tunda bai tafi da ita da yawa ba.

Dariyar 'yan'uwanta kuwa, gaskiya ta fi ɓata mini rai a kan abin da Turawa suka yi mata, domin su ba su san ciwon ba, mu mun sani. Na koyar shekaru masu yawa, ban taɓa ganin yaron da aka yi wa dariya ya ƙara ƙoƙarin magana ba. Ke ba za ki iya tunkarar uwar mijinki ba, don haka maigidanki ko wata gwaggo mai faɗa a ji ta yi mata bayani cewa a makarantun can ana koya wa yaro ya dubi idon babba idan yana yi masa magana, sunkuyar da kai ma sukan ɗauke shi alamar rashin gaskiya. Jikarta ladabi ta yi mata, na wata ƙasa. Ita kuma yarinyar a nuna mata cikin raha cewa ladabi riga ne, kowane gari da irin ɗinkinsa, kamar yadda mutum ɗaya yake faɗuwa gaisuwa a Ƙofar Soro, ya fita ya miƙa wa abokinsa hannu a kasuwa. Kaka ai abokiyar wasan jika ce, ita ya kamata ta zama ƙofar da ta fi sauƙin shiga a duk gidan.

Kwanon da yake dawowa a rufe da kitson da ta ƙi, ina kyautata zaton wani ne ya faɗi wata magana, wataƙila a kan warin daddawa, wataƙila hannuwa ne suka dame ta da taɓa mata kai. Kada ki zaunar da ita ki titsiye ta, ki bari sai kuna wanke-wanke ko kuna tafiya, lokacin da ba kwa kallon juna, yara sun fi magana a haka. Abincin makaranta ba fagen daga ba ne, ki ba ta abin da za ta ci cikin kwanciyar hankali, tuwonki yana jiranta da dare. Amma idan kin gano ana zaginta da launin fatarta ko addininta, nan kam babu zancen baƙo ba ya ƙorafi. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta wa makarantu nuna bambancin launi ko addini, kowace makaranta kuma tana da rubutaccen tsarin hana cin zali. Ki rubuta ranar da abin ya faru da kalmar da aka faɗa, ki nemi ganin malamar aji, in ba a yi komai ba ki je wurin shugaban makaranta. Kusan ɗalibi ɗaya cikin biyar a Ingila ba Turanci ne harshensa na farko ba, saboda haka ba sabon abu za ki kai masu ba.

Zaman ƙaramin gari ma yana da nasa. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan miliyan 3.9 a Ingila da Wales, amma a manyan birane suka taru, a Bamingham kaɗai sun kusa kashi 30 cikin 100 na mutanen garin. Yarinyar da ita kaɗai ce baƙar fata a ajinta tana bukatar ta ga 'yammatan da suka girme ta, masu kitso da ɗankwali, suna zuba Turancin can suna kuma zuba Hausa, ba wadda ta sunkuyar da kai. Ko sau biyu a shekara ne, ku yi tattaki ku yi Sallah inda jama'armu suke.

Saura tambayar da ta yi miki da dare, wadda har yanzu take jiran amsarta. Ki ce mata 'yar duka biyun ce, ki kuma faɗa da zuciya ɗaya. A wani babban bincike da John Berry da abokan aikinsa suka fitar a 2006, wanda ya shafi matasa 'ya'yan baƙi fiye da 5,000 a ƙasashe 13, waɗanda suka riƙe al'adar gida suka kuma shiga cikin jama'ar sabuwar ƙasa su ne suka fi natsuwa, waɗanda suka fi wahala kuwa su ne masu jin ba su nan ba su can. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan hanya. Waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 sun kafa garin Mai Wurno a Sudan, zangon Kumasi da na Akara cike suke da Hausawan da Gana ce ƙasarsu, kuma a tawagar ƙwallon Saudiyya da ta je gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018 'yan wasa uku ne masu sunan Hausawi, ciki har da kyaftin ɗinsu Usama. Ki nuna mata hotonsu. Ki karanta mata aya ta 22 ta Suratur Rum, inda aka lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah.

Ki kuma yi haƙuri in taɓo ki kaɗan. Idan kullum tana jin ki kina tsine wa sanyin ƙasar da abincinta da mutanenta, za ta ɗauka son ƙawayenta cin amanarki ne, sai ta koyi ɓoye miki rabin rayuwarta, kamar yadda ta ɓoye katin nan. Kewar gida ba laifi ba ce, Sayyidina Bilal ma da zazzaɓin Madina ya kama shi ya yi ta begen Makka, amma addu'ar da Manzon Allah (SAW) ya yi ita ce Allah ya sanya masu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Ki gayyato ƙawayenta gida su ci wainarki. In kuwa kin ga barcinta ya lalace, ko tana kukan ciwon ciki duk safiyar makaranta, ko ta daina cin abinci, to a kai ta wurin likita ba tare da jinkiri ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum Hajiya Malama. Ni ɗan kasuwa ne daga Damagaram, harkar dabbobi ta sa na dawo da iyalina Daura bara. Ɗana mai shekara 11 yana aji biyar a can, yana cikin na gaba-gaba, amma a nan saboda ba shi da Turanci aka mayar da shi aji biyu. Yara suna yi masa dariya idan ya ce lakwal ko kaye, wato makaranta da littafin rubutu, kuma tun ranar da ya kira malami mushe suka mayar da shi sunansa. Ya yi dambe sau biyu, har ya fasa wa wani baki. Yanzu sai an kora shi yake tafiya makaranta, yana gyara wa uwarsa magana a gaban baƙi, na kuma ji yana ce wa abokansa shi ɗan Mai'aduwa ne. Ni na ɗauka tunda harshe ɗaya addini ɗaya ba za a samu matsala ba. Me kike gani?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Sau da yawa ƙaramin bambanci ya fi babba zafi, domin wanda ya zo daga nesa an san baƙo ne ana yi masa uzuri, wanda ya yi kama da kowa kuwa, da ya kuskure kalma ɗaya sai a ga abin dariya. Amma ni a wasiƙarka ba tsokanar ce ta fi ɗaukar hankalina ba, ajin da aka sa shi ne. Yaron da ya saba ɗaga hannu a aji biyar, yau yana zaune ya naɗe ƙafafu a benci ɗaya da 'yan shekara bakwai, sa'o'insa suna wucewa ta taga suna leƙensa, ai ko ba a ce masa mushe ba zai nemi wanda zai huce a kansa. Kuskure ne da makarantu suke yawan yi, su auna kan yaro da Turancinsa. Lissafin da ya koya a Damagaram shi ne lissafin Daura, wanda kuma ya iya karatu da Faransanci ya riga ya san haruffa da yadda ake haɗa su, ga kalmomi masu yawa da harsunan biyu suka yi tarayya a kansu. Abin da yake bukata shi ne malamin da zai zauna da shi awa ɗaya kullum da yamma na wasu watanni, a kuma matsar da shi kusa da sa'o'insa.

Game da tsokanar, ka ba shi abin mayar da martani wanda ya fi dunƙule hannu. Masu yi masa dariyar lakwal da mushe su ma firamare da hedimasta da fensir suke cewa, duk aro ne, wasu sun aro wurin Faransa wasu wurin Ingila. Iyakar da ya tsallako a Kwangwalam tsakanin 1906 da 1908 aka bi aka kafa alamominta, rijiyar Kusugu ta girme ta nesa ba kusa ba. Sarakunan Daura na asali sun zauna a Zango shekaru masu yawa bayan jihadi cikin hulɗa ta kusa da Damagaram kafin sarautar ta dawo hannunsu, kamar yadda Katsinawan da suka yi arewa suka kafa Maraɗi, inda har yau ake kiran sarkin da Sarkin Katsina. Balle kuma a Daura, garin da labarin kafuwar sarautarsa yake cewa baƙo ne ya sauka da dare ya nemi ruwa wurin tsohuwa. Ka kai shi ya ga rijiyar, ka ba shi labarin da bakinka. Faransancinsa kuma kada a bari ya zube, ana koyar da shi a ƙaramar sakandare a Najeriya, ranar da aka shiga wannan darasi masu dariyar ne za su zagaye shi suna roƙon amsa.

Ka koya masa rarrabe wasa da cin zali. Mu mutane ne masu barkwanci, Bakatsine da Banufe, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, ana jifa ana ramawa kowa na dariya. Idan ya iya ramawa da baki aka yi dariya tare, ya samu abokai. Idan kuwa taron dangi ake yi masa, shi kaɗai ake jifa shi kaɗai ba ya dariya, wannan aikinka ne da malamai, ba nasa ba. Kada ka haɗa masa da bulala a gida a kan damben, ka dai sa shi ya je ya ba wanda ya fasa wa baki haƙuri. Ka kuma sa shi makarantar allo ta unguwa da filin ƙwallo, wuraren da babu mai tambayarsa Turanci, inda zai fara jin ya fi wani a wani abu.

Cewa da yake yi shi ɗan Mai'aduwa ne, ka ƙyale shi, mafaka ce ya samu, zai fito da kansa idan ruwan ya ɗauke, musamman in yana ganin kai ba ka sauya harshenka a kasuwa don kunyar inda ka fito. Gyara wa mahaifiyarsa magana a gaban mutane ne ba za a ƙyale ba. Ka kira shi gefe ka gaya masa cewa abin da ake yi masa a makaranta shi ne yake ɗaukowa yana sauke wa wadda ta haife shi.

Tun kafin a koma sabon zango ka je wurin hedimasta da kanka, ka roƙa a gwada yaron a lissafi, a yi masa bayanin tambayoyin da Hausa. In bai saurare ka ba, ka nemi sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ka tafi da takardun sakamakonsa na Damagaram da wanda zai fassara su.